Gadurum na kofur ne kaɗai?

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon soja, wanda ya ajiye kaki da igiya uku a hannu. Kullum bayan la'asar zai fito da tabarmarsa gindin dogon yaro, rediyo a gefe, buta a gefe. Ya je Laberiya, ya je Saliyo, amma in ka zauna da shi ba ka cika jin labarin harbe-harbe ba. Labarin da ya fi so shi ne na daren da barci ya sace shi a bakin gadi. Lokacin yana sabon shiga, ya kwana biyu bai runtsa ba, sai ya jingina da buhun yashi da nufin ya ɗan lumshe ido. Abin da ya tashe shi, ji ya yi ƙirjinsa ya yi sakayau, babu nauyin bindiga. Ashe samanja ne ya zo zagaye, ya zare ta a hankali, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran ya farka. Da gari ya waye aka cire masa hula da bel, aka shiga da shi gaban kwamanda da sassarfa, aka karanta masa laifinsa. Ko minti biyar ba a yi ba aka gama: kwana 14 a gadurum da aiki mai tsanani.

Na ce masa, "Haba Baba, ai wannan rashin tausayi ne. Mutum ya kwana biyu ido biyu?"

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Ɗana, ba ka san aikin ga ba. Mutum talatin na kwance bayana, sun ba ni amanar wuyansu. Da wani na yaz zo ba samanja ba, da duk an yanke mu cikin barci. Hukuncin da anka yi mani daidai na, ko gobe." Ya ɗan yi shiru yana murɗa kan rediyo, sannan ya ƙara da cewa, "Abin da dai ban gani ba har nib bar aiki, shi na a cire ma mai anini hula a shiga da shi da gudu kamar yadda anka yi mani."

Rabin farko na maganar dattijon nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma gara in faɗa tun yanzu don kada a ɗauka ina cikin masu cewa a rushe kotun soja. Mutumin da ƙasa ta damƙa wa bindiga da harsashi, ta ba shi izinin kisa, dole a ɗaure shi da igiyar da ta fi tawa da taka kauri. Malamin makaranta in ya yi fashin aiki, darasin yini guda aka rasa. Soja in ya bar wurin gadi, gari ake ci. Shi ya sa barci a bakin aiki, da ƙin bin umarni, da tafiya gida ba izini, da ja da baya ranar arangama suke zama manyan laifuffuka a bariki, alhali ni da kai ba mai kai mu kotu a kansu. Wannan ba na ja.

Rabi na biyu na maganarsa ne ya hana ni sakat. Dokar bariki a ƙasar nan wuƙa ce mai kaifi ƙwarai, amma kaifin a gefe ɗaya yake. In ƙarami ya saɓa wa babba, nan take tana yanka. In an taɓa kuɗin gida, takan motsa. In kuwa wanda aka cuta ɗan kabu-kabu ne a bakin shinge, ko manomi a ƙauye, ko shi ƙaramin sojan da kansa, sai ka ga ta dakushe.

Dokar da ake aiki da ita yau ta samo asali ne daga dokar soja mai lamba 105 ta shekarar 1993, wadda ta haɗe dokokin sojan ƙasa da na ruwa da na sama wuri guda. Da aka koma mulkin farar hula a 1999 sai aka gaje ta, tana nan a kundin dokokin tarayya na 2004. Hukunci a cikinta hawa biyu ne. Na farko shi ne irin wanda aka yi wa dattijonmu: kwamanda a ofishinsa, ba doguwar magana. Kwamandan bataliya yana iya tura ƙaramin soja gadurum har kwana 28, yana iya cire masa igiya, yana ma iya sallamar kofur daga aiki. Hawa na biyu shi ne kotun soja, wadda ba ta da zaman dindindin. Kafa ta ake yi in shari'a ta taso, in an gama a watse. Babbar tana da shugaba da aƙalla mutum huɗu, ƙaramar shugaba da aƙalla mutum biyu, dukansu hafsoshi. Akwai lauyan da ke zama tare da su yana nuna musu abin da doka ta ce, amma ba ya cikin masu yanke hukunci. Wanda ake tuhuma yana da damar kawo lauyansa. In an yanke, sai manyan rundunar sun tabbatar, na kisa kuma sai shugaban ƙasa ya amince. Daga nan ƙofa a buɗe take zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kamar yadda sashe na 240 na tsarin mulki ya tanada, har zuwa Kotun Ƙoli.

A takarda abin ya yi kyau. Amma bi sawun kwamanda ka gani. Shi zai ce a yi bincike ko a bar magana ta bi ruwa. Babba irinsa ne ke kafa kotun, shi ke zaɓen waɗanda za su zauna a cikinta, kuma sau da yawa mutanen nan a ƙarƙashinsa suke, alƙalaminsa ne ke rubuta rahoton da ƙarin girmansu ya rataya a kai. Mai gabatar da ƙara ma ɗan gida ne. Ban ce hafsoshinmu ba su da amana ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Amma ko a unguwa, in rigima ta haɗa ka da mai gida, ba za ka so a ce yaransa ne za su raba ku ba, komai kirkinsu. Ɗaukaka ƙara kuwa, kofur ɗin da ke gidan yari, albashi ya tsaya, matarsa ta koma gidan iyayenta da yara, da wane kuɗi zai bi shari'a har Abuja?

Ranar 14 ga Mayun 2014 aka shigo Barikin Maimalari a Maiduguri da gawarwakin sojojin da 'yan Boko Haram suka yi wa kwanton ɓauna a hanyarsu ta dawowa daga yankin Chibok. Ran abokan aikinsu ya ɓaci, suka buɗe wuta, har harsashi ya samu motar babban kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed. Allah ya tsirar da shi. A watan Satumba kotun soja a Abuja ta yanke wa 12 daga cikinsu hukuncin kisa ta hanyar harbi. Wata huɗu ke nan tsakanin laifi da hukunci. A Disamba aka ƙara 54, su kuma saboda sun ƙi fita ƙwato Delwa da Bulabulin da Damboa. Hujjarsu, ta bakin lauyansu Femi Falana, ita ce ba a ba su makaman da za su tari abokan gaba da su ba.

Harbin motar kwamanda laifi ne babba, kuma rundunar da ta kau da kai a kan irinsa ta gama yawo. Sashe na 52 na dokar bai ɓoye ba, bore yana kai mutum ga kisa. Amma a Yulin 2015, ranar faretinsa na bankwana, Alex Badeh, wanda shi ne babban hafsan tsaro lokacin da ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, ya faɗa da bakinsa cewa ya jagoranci rundunar da ba ta da isassun kayan yaƙi. Wato hujjar da ƙanana suka kawo ba ta cece su ba, ita ce babba ya tabbatar bayan ya cire kaki. A ƙarshen wannan shekarar maganar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai ta fito fili. Mu Sakkwatawa mun san sunan da aka fi ambata a ciki, Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ɗan gidan sarautarmu ne. Shi ma an tsare shi shekara huɗu ana take umarnin belin da kotuna suka bayar, wanda shi ma wani zaluncin ne mai zaman kansa. Ba ni da hurumin cewa wane ya ci wane bai ci ba. Abin da na gani, kowa ma ya gani, shi ne tambayar "don me kuka ƙi zuwa?" an amsa ta cikin watanni, tambayar "ina makaman?" kuwa ta shiga kotunan farar hula ta yi ta kwana tana tashi shekara da shekaru. Shi Badeh har aka kashe shi a Disambar 2018 ba a kai ƙarshen shari'arsa ba. A Disambar 2015 rundunar ta sassauta wa sojojin nan 66, ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara goma. Alheri ne, amma alfarma ce aka yi musu, ba wanke su aka yi ba.

Kafin su an yi na Akure. A 2008 sojojin da suka dawo aikin wanzar da zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya don an riƙe musu alawus ɗinsu. A 2009 aka yi wa 27 ɗaurin rai da rai, daga baya aka rage zuwa shekara bakwai. Waɗanda kuɗin ya maƙale a hannunsu ba wanda ya ji an yi musu rai da rai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don kada a ce na je nesa, mu dawo gida. Hedikwatar Runduna ta 8 tana nan Barikin Giginya. A Yulin 2019 wasu sojoji biyar da aka sa rakiyar kuɗi daga Sakkwato zuwa Kaduna suka yi layar zana da su. Jaridu suka ce kuɗin sun kai naira miliyan 400. Aka gurfanar da babban kwamandan rundunar na lokacin, Manjo Janar Hakeem Otiki, gaban kotun soja a Abuja ƙarƙashin Laftanar Janar Lamidi Adeosun, kuma a Yunin 2020 kotun ta same shi da laifi, ta yanke a kore shi daga aiki. A cikin wannan watan dai, wani soja mai igiya ɗaya na wannan rundunar ya ɗauki bidiyo yana sukar manyan hafsoshi kan yadda ake karkashe mutane. Aka kama shi. Sai da lauya ya je Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya samo umarni kan a bar shi ya gana da lauyansa da iyalinsa.

Shari'ar janar ɗin ta nuna cewa hannun kotun soja yana kaiwa sama in an so, kuma dattijonmu zai yi farin cikin jin cewa yanzu mai anini ma yana tsayawa. Amma dubi abin da ya tashe ta daga barci: kuɗi ne suka ɓace a cikin gida. Shi kuma mai igiya ɗaya, na yarda ya karya ƙa'ida, soja ba ya hawa intanet ya caccaki shugabanninsa. A hukunta shi. Amma ganin lauya ba kyauta ba ce da kwamanda ke bayarwa in ya ga dama, haƙƙi ne da tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa, kuma sa kaki ba ya goge shi.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne wajen farar hula. Wata rana muna dawowa daga wata kasuwar ƙauye, motar haya cike maƙil, muka iso wani shinge. Ba zan faɗi hanyar ba, ba zan faɗi irin kakin ba. Ƙa'idar wurin ita ce mai babur ya sauka daga nesa ya turo. Wani yaro ɗan kabu-kabu, da alama baƙon hanyar ne, ya iso har bakin durom a kan babur, ga mace a bayansa ta goyo jariri. Aka sauke shi. Aka sa shi kama kunne, aka sa shi tsallen kwaɗo daga durom zuwa durom, da ƙafafunsa suka gaza aka ce ya kwanta ya yi birgima a ƙasa mai zafi, da rana tsaka, irin ranar Sakkwato ta bazara. Matar tana tsaye, ta janyo gefen mayafi ta rufe kan jaririn, ba ta ce uffan ba. Mu cikin mota kowa ya sunkuyar da kai. Direba ya ce a hankali, "Kowa shi kama bakinai, Allah shi raba mu lahiya." Ni ma na kama nawa, waya tana aljihuna ban ko taɓa ta ba. Can wani babba cikinsu ya fito daga rumfa ya ce ya isa haka, yaron ya tashi yana karkaɗe riga, har da cewa na gode. Wannan "na gode" ɗin har yau tana dawo mini.

Dokar soja ba ta yarda da abin da aka yi wa yaron nan ba. Cin zarafin farar hula laifi ne da ake hukuntawa, kuma an taɓa hukuntawa. A Fabrairun 2017 wasu kofurori biyu a Onitsha suka lakaɗa wa wani gurgu duka don ya sa tufa mai kama da ta soja. Cikin 'yan kwanaki aka cire musu igiya, aka ba su kwana 21 a ɗaure da aiki mai tsanani. Me ya sa aka yi saurin haka? Wani ne ya ɗauki bidiyo, duniya ta gani. Wato mai gabatar da ƙara na gaskiya a ƙasar nan wayar hannu ce. To, mutumin Tangaza ko Isa ko Gudu, inda wani lokacin sai ka hau tudu kafin ka samu layi, ina zai samu nasa mai gabatar da ƙarar? Kada mu manta a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk abin da ya faru a can a wannan lokacin, mai kyau da mara kyau, sai dai wanda ya gani da ido.

Daga tsallen kwaɗo zuwa rai. A Disambar 2015 aka yi abin Zariya, tsakanin sojoji da 'yan Shi'a. Kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa ya ji shaidar cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu. Har yau ba a nuna wa jama'a soja ɗaya da ya tsaya gaban kotu a kan wannan ba. Na san maganar 'yan Shi'a tana da zafi a garin nan, kuma wani zai daina karatu daga nan. Amma dokar da ta yi shiru a kan wanda ba ka so, ranar da abin ya zo kan naka ba za ta koyi magana ba. Ya kuwa zo. Ranar 3 ga Disambar 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga gawa 85. A nan rundunar ta yi abin yabo: ta amsa cewa ita ce, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Taoreed Lagbaja, ya je har garin ya ba da haƙuri. A Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce mutum biyu za su fuskanci kotun soja. Sannan ranar Kirsimetin 2024 abin ya iso ƙofarmu: hari ta sama da aka ce an auna Lakurawa ne ya hallaka aƙalla mutum goma a ƙauyuka biyu na Silame, Gwamna Ahmed Aliyu ya je jana'iza, su kuma sojoji a bayaninsu na farko suka ce fashewar makaman 'yan ta'adda ce ta kashe mutanen.

Ba kowane kuskure ne laifi ba, wannan na sani. Matuƙin da aka ba bayanan ƙarya ya harba, mai yiwuwa in an zauna shari'a a wanke shi tas, laifin ya koma kan wanda ya kawo bayanin ko wanda ya ba da umarni ba tare da tantancewa ba, ko ma a ce ƙaddara ce. Amma wankewar da aka yi a bainar jama'a, da shaidu, da hujja, daban take da shirun da ake barin mutane a ciki har su gaji su manta. Diyya ma tana da muhimmanci, addininmu ya san ta, amma ko a wurin malamai sai an tantance yadda rai ya salwanta da wanda ya yi sanadi kafin a zo kan diyya. Mu mun iya buhun shinkafa da ambulan, shari'ar ce ba mu iya ba.

Mutanen Sakkwato bai kamata a koya mana wannan darasi daga waje ba. A 1805, lokacin da Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka haɗa kai suka nufo Gwandu, rundunar jama'ar Shehu ta fita tarbarsu. A hanya mayaƙa suka afka wa Kwalde, garin da ke zaman amana da jama'a, suka washe shi, Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suna hanawa ba a saurare su ba. Daga nan aka isa Alwasa, aka sha kashi mai tsanani, har abokan gaba suka biyo su ƙofar Gwandu. Ba da daɗewa ba Malam Abdullahi, ganin yadda kwaɗayin ganima ya shiga zukatan mayaƙa, ya bar runduna ya yi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi, inda ya rubuta musu littafi kan mulki da shari'a. Ni dai ba na iya karanta labarin Alwasa in tsallake Kwalde. Mayaƙin da bai ji maganar shugabansa a kan dukiyar talaka ba, ba zai ji ta ba ranar da kibau suka fara sauka.

Yau ma lissafin bai canza ba. Mutumin Sabon Birni ya san mashigin da yaran Bello Turji ke bi, matar da ke kai nono kasuwa ta san wanda ke sayen burodi da fetur fiye da ƙima. Wannan bayanin ya fi jirgin yaƙi tsada, kuma ba a karɓarsa da tsallen kwaɗo. Mutum ba ya kai sirrin da zai iya jawo masa yanka wurin wanda ya sa ɗansa birgima jiya.

Akwai kuma ɓangaren da masu kiran a tsananta horo ba sa son ji. A Maris ɗin 2023, a sansanin sojoji da ke Rabah, wani mai igiya ɗaya ya harbe kwamandan sansanin da wasu abokan aikinsa biyu, sannan ya harbe kansa. Ba kotun da za ta zauna da shi, ya tafi da dalilinsa. Amma duk mai ɗan'uwa a aikin soja ya san yadda ake barin yara a daji shekara biyu, uku, ba canji, hutu sai da roƙo, ga gawar aboki da ka ɗauka da hannunka tana dawo maka cikin dare. Doka ta ba soja damar kai kuka, sai dai kukan ta hannun na gaba da shi zai bi. In shi na gaban ne ya ci alawus ɗin fa? An ba kura ajiyar nama ke nan. Horon da bai da ƙofar kai kuka tukunya ce aka rufe ruf aka ci gaba da iza wuta.

Barikin Giginya sunan filin da Sarkin Musulmi Attahiru ya tari Turawa ranar 15 ga Maris 1903 ya ci, kuma dokar da ake hukunci da ita a cikinsa jikar dokar waɗanda suka yi nasara a ranar ce, don daga dokar sojan Ingila muka kwaikwayo tamu. Su masu abin tuni sun gyara nasu. Wani sojansu mai suna Findlay, wanda ya yi yaƙin Falkland, ya kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 1997 ta yanke cewa kotun sojan da hafsa guda ke kafawa, ya zaɓi mutanenta daga na ƙasa da shi, ba ta da 'yancin kanta. Ingila ta soke wannan tsari. Yanzu kotun sojansu ta dindindin ce, alƙalin da ke jagoranta farar hula ne, mai gabatar da ƙara kuma ba ya ƙarƙashin kwamandan wanda ake tuhuma. Amurka, wadda ta daɗe tana turjiya, daga Disambar 2023 ta cire hukuncin gurfanarwa a manyan laifuffuka kamar kisa da fyaɗe daga hannun kwamandoji, ta ba wasu lauyoyin soja masu zaman kansu. Ba mu ji rundunar ɗayansu ta watse ba. Kuma ba don su waliyyai ba ne: a badaƙalar gidan yarin Abu Ghraib ta 2004 ƙananan sojoji ne suka sha ɗauri, janar ɗin da ke kula da wurin rage mata girma kawai aka yi. Cutar ta ko'ina ce, bambancin su suna neman magani.

Abin da nake so ba shi da yawa. A bar wa kwamanda gadurum ɗinsa. Barci a gadi, da makara, da datti a bindiga, da gudun fagen daga, nasa ne, ya yi da sauri kamar yadda ya saba. Amma in rai ya salwanta, ko an yi fyaɗe, ko an azabtar da mutum, musamman farar hula, maganar ta fita daga hannun wanda abin ya faru a ƙarƙashinsa, ta koma wurin mai gabatar da ƙarar da ba ya sara masa, ko ta tafi babbar kotun jiha kai tsaye. Wanda zai jagoranci shari'ar ya zama alƙali na gaske wanda ƙarin girmansa ba ya hannun kowane janar. A sa iyaka mai tsauri ga kwanakin da za a tsare soja kafin a gurfanar da shi. Kuma a buɗe wa ƙaramin soja wata ƙofar kuka da ba ta bi ta ofishin wanda yake kuka da shi. Gyaran wannan doka aikin Majalisar Tarayya ne, inda jihar nan ke da sanatoci uku da wakilai 11, waɗanda rabin mazaɓunsu sansanin soja ne ya raba su da 'yan bindiga.

Za a ce wannan zai karya gwiwar yaran da ke mutuwa dominmu. Na ɗauki wannan magana da nauyi, don na san su waye ke cikin ramukan nan na gabashin Sakkwato: 'ya'yan talakawa ne, ƙannenmu ne, wasu daga kudu suka zo suna mutuwa a ƙauyukan da ko sunansu ba su iya faɗa ba. Amma shari'ar gaskiya su za ta fi yi wa rana. Ita ce za ta raba mai kirki da baragurbi, maimakon a yi musu kuɗin goro, kuma ita ce za ta hana a rataya wa kofur laifin da aka ƙulla a ofis mai sanyi.

Na kai wa dattijonmu wannan shawara. Bai yarda da batun alƙali farar hula ba sam. "Wanda bai taɓa jin harsashi ya wuce kunnenai ba, ƙaƙa za shi yi ma soja shari'a?" Na ce Baba, alƙalin da ke shari'ar likita ma bai taɓa riƙe allura ba. Ya ce wannan daban. Batun ƙofar kuka kuwa tun kafin in rufe baki ya ce da akwai ta a zamaninsu da wasu abokansa sun kai fansho. Mun bar ta a haka, bai ja ni ba, ban ja shi ba.

Akwai dai abu ɗaya da ba ya jiran majalisa, ba ya jiran gyaran sashe ko ɗaya. Rundunar da ta yi bincike a kan Tudun Biri da Silame ta aiko babban hafsa, a tara mutanen garin a ƙofar hakimi, a karanta musu da Hausa abin da binciken ya gano: wa ya kawo bayani, wa ya ba da umarni, wa aka gurfanar, me aka yanke masa, in kuma an wanke shi, da wace hujja. A maimaita a gidan rediyon Rima bayan labaran dare, don waɗanda ba su samu zuwa ba.